Makullin Labbo

A tashar Jega muka yi musayar makulli,
ni da mutumin da muryarsa kawai na sani.
Nasa ɗaure da zaren koma, yana ƙarnin ruwa,
nawa da ƙyallen shadda, ragowar ɗinkin salla.
Ya ce, "Gida naka na." Na ce, "Nawa ma haka."
Motarsu ta ɗau hanyar Ƙaura, tamu ta gangara Yawuri.

Shekara uku yarana na roƙon su ga Kwara,
kuɗin masaukin kwana biyu kuwa ɗinkin wata ne.
Su kuma ɗiyarsu za ta gama karatu a garinmu.
Magawata, direban bandar kifi, shi ya ƙulla zancen:
ga ɗaki zai kwana ba kowa, ga wani can haka,
to me ya hana?

Mun tarar da takarda soke a bayan ƙyaure:
"Ƙofar sai an ɗaga ta kafin ta yarda.
Randar gabas ta sha ce.
Akuya ba ta cin dusa in ba gishiri.
Kada yara su je bakin ruwa bayan la'asar."
Layin ƙarshen nan an bi shi da biro sau biyu.

Shafa'atu ta yi ta laluben ludayi a madafin wata,
tana dariya, wai matar nan bahaguwa ce,
komai nata a hagu yake.
Inna Tumba ta maƙwabta ta miƙo fura ta katanga,
ta raɗa mini suna: Labbo na aro.
Ran kasuwa kwale-kwale suka iso maƙil da albasa,
Nafi'u ya ƙirga talatin, ya gaji,
ya ci ragon ruwa har ya yi barci da ƙaya a hannu.

A bangon tsakar gida akwai zanen ambaliya,
inda ruwa ya tsaya wata shekara, daidai ƙuguna.
Gefensa an ja tsayin yara da gawayi, su huɗu.
Uku sun yi ta hawa.
Ɗaya ya tsaya a gwiwata.
Ban tambayi kowa ba.
Amma tun daga ranar, kafin a kira la'asar
na riga na kamo hannun nawa.

Da dare katifarsa ta ƙi ni,
ramin da ke cikinta ba na jikina ba ne.
Sai na tuna shi ma yana can kwance a nawa,
yana kallon rufin da nake ɓoye wa baƙi,
da daron da ke jiran damina a ƙarƙashin gado,
da littafin bashi a kan keken ɗinki.
An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Yanzu mu biyu ne.

Ba ni da abin bari sai allura.
Na bi gidajen sauronsu ɗaya bayan ɗaya na toshe,
na ɗinke labulen zaure.
Komar da ke rataye kam na ƙyale ta,
ban san ƙullinta ba.

Kwana tara, muka sake haɗuwa a Jega.
Ba wanda ya ce wa wani ya ga wani abu.
Ya ce, "Yaya ruwa?" Na ce, "Yana gaishe ka."

A gida tukunya cike da banda, an rufe da faifai.
Littafin yana inda yake, da ƙurarsa.
Cikin dare hadari ya taso daga gabas,
na zabura na jawo daro yadda na saba,
na tsaya a tsakar ɗaki ina jira.
Ko ɗigo.
Da safe na hau na duba:
kwalta ce, irin wadda ake liƙe jirgi da ita.